WAKEN KALABA DA WAKEN SOYA: Gadon Da Dokta Percy Julian Ya Bar Wa Duniyar Kimiyya

A cikin dazuzzukan da ke gaɓar kogin Kalaba akwai wani tsiro mai yaɗo wanda ya kan naɗe manyan itatuwa ya hau har ƙololuwa. 'Ya'yansa wani irin wake ne mai tauri, mai duhun launi, wanda tsawonsa bai wuce gaɓar babban yatsa ba. Mutanen Efik su na kiransa esere, Turawa kuwa suka laƙaba masa suna waken Kalaba. A zamanin da, in aka zargi mutum da maita, sai a daka waken nan a dama a ba shi ya sha a bainar jama'a. In ya amayar ya tsira da ransa da mutuncinsa, in kuwa ya mutu sai a ce laifi ya tabbata. Mai karatun da ya taɓa jin labarin shan gwaska a ƙasar Hausa ba zai rasa gane irin wannan shari'a ba.

To, wannan wake da ya halaka bayin Allah masu yawa shi ne ya zama tsanin da wani baƙar fata ɗan Amurka, jikan bayi, ya taka ya shiga sahun manyan masana kimiyya na ƙarni na 20. Sunansa Dokta Percy Lavon Julian. An haife shi a 1899, ya rasu a 1975, ya kuma bar takardun mallakar ƙirƙira fiye da 130, ban da maƙalun bincike da almajirai. Ya kamata mu san abin da ya yi, domin kuwa kayan aikinsa na farko daga ƙasarmu suka fito, kuma tambayar da rayuwarsa ta ke yi mana har yau ba mu amsa ta ba.

Wane Irin Ilmi Ne Wannan?

Fannin da Julian ya ƙware a kai wani reshe ne na kemistiri, watau ilmin sinadarai, wanda ya ke nazarin sinadaran da aka gina a kan kabon. Kabon shi ne jigon gawayi, shi ne kuma ginshiƙin jikin duk wani abu mai rai. Sukari da man gyaɗa da shuni da kananzir da dafin maciji duk 'yan wannan gida ne. Masanin wannan fanni ya na da aiki uku. Da farko ya tace sinadari guda daga cikin ɗaruruwan da ke cikin ganye ko saiwa. Sa'an nan ya gano yadda ƙwayoyin zarra su ke a jere a cikinsa, kamar mai zana taswirar gidan da bai taɓa gani da ido ba. Daga ƙarshe, kuma wannan shi ne mafi wuya, ya gina wannan sinadari da hannunsa daga kayan da ake saye a kasuwa, mataki bayan mataki, har ya zamana ba a iya bambanta nasa da na cikin tsiron.

Kafin Julian ya zo, Turawa sun riga sun gama aiki na ɗaya da na biyu a kan waken Kalaba. 'Yan mishan na ƙasar Sikotlan da suka zauna a Kalaba tun daga 1846 su ne suka riƙa aika waken zuwa birnin Edinbara. A 1855 wani shehun malami mai nazarin guba, Robert Christison, ya tauna gutsure guda don ya ji yadda ya ke aiki, da ƙyar ya sha, sai da ya kwankwaɗi ruwan sabulun askinsa ya yi amai. A 1864 wasu Jamusawa biyu, Jobst da Hesse, suka tace dafin da ke cikinsa suka sa masa suna fisostigmin. Wasu kuma su na kiransa esarin, daga kalmar nan ta Efik. A cikin shekarun 1870 wani likitan ido mai suna Ludwig Laqueur, wanda shi kansa ya na fama da hawan jinin ido, ya nuna cewa ɗigon wannan sinadari ya na rage matsin ruwan da ke cikin ido. Ta haka dafi ya zama magani na farko mai amfani ga cutar da likitoci ke kira gilakoma. A 1925 Stedman da Barger suka zana taswirar sinadarin. Saura gini.

Daga Alabama Zuwa Biyana

An haifi Julian ran 11 ga Afrilu, 1899, a garin Montgomery na Jihar Alabama. Mahaifinsa ma'aikacin gidan waya ne a jirgin ƙasa, mahaifiyarsa kuwa malamar makaranta ce. A lokacin nan hukuma ba ta tanadar wa 'ya'yan baƙar fata na garin cikakkiyar makarantar sakandare ba, saboda haka da ya shiga Jami'ar DePauw ta Jihar Indiyana a 1916 sai da ya riƙa haɗa darussan jami'a da na sakandare don ya cike giɓi. Ya na kwana a ɗakin saman wani gidan ɗalibai Turawa, ya na raba musu abinci don ya sami na kashewa. Duk da haka a 1920 shi ne ya zo na ɗaya a ajinsu.

Abokan karatunsa da ya wuce sun sami gurbin ƙaro ilmi, shi kuwa aka ba shi shawara ya je ya koyar a makarantar baƙar fata. Ya koyar a Jami'ar Fisk, kana ya sami tallafi ya tafi Harvard inda ya karɓi digiri na biyu a 1923. A can ma aka hana shi aikin koyarwar da ɗalibi ke dogara da shi kafin ya kai ga digirin dokta, wai don gudun kada ɗalibai farar fata su ƙi zama a gabansa. Sai a 1929, ya na koyarwa a Jami'ar Howard, Gidauniyar Rockefeller ta ɗauki nauyinsa zuwa Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya. A can ya yi karatu a hannun Ernst Späth, wanda ya yi suna wajen nazarin sinadaran tsirrai, ya kuma sami digirin dokta a 1931. Shi ne baƙar fata na uku a Amurka da ya kai wannan matsayi a fannin kemistiri.

Komawarsa Howard ba ta yi daɗi ba. Rigingimun cikin gida sun taso, aka buga wasu wasiƙunsa na sirri a jarida, ala tilas ya ajiye aiki a 1932. Tsohon malaminsa, William Blanchard, shi ne ya jawo shi DePauw ya ba shi ɗakin gwaji da aikin kula da binciken ɗalibai. Julian ya gayyato abokin karatunsa na Biyana, Josef Pikl, suka sa waken Kalaba a gaba.

Karon Batta Da Gwanin Oksfod

Ba su kaɗai ke neman wannan kambi ba. A Ingila akwai Robert Robinson na Jami'ar Oksfod, wanda a lokacin nan ba a haɗa shi da kowa a fannin, wanda kuma daga baya ya ci kyautar Nobel a 1947. Ya riga ya buga maƙaloli da dama a kan fisostigmin, ga kuɗi, ga mataimaka. Julian kuwa ba shi da ko muƙamin malami na dindindin.

Julian da Pikl sun riƙa buga sakamakon aikinsu kashi-kashi a mujallar Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Amurka, a wani jerin maƙaloli kan dangin sinadaran indol. Shi indol wani zobe ne na ƙwayoyin zarra da ke cikin fisostigmin, kuma sunansa daga sunan shuni aka ciro shi, domin daga shuni Adolf von Baeyer ya fara samo shi a 1866. Watau dai ɗan'uwan abin nan ne da marina ke aiki da shi a Ƙofar Mata.

Su na gab da gamawa sai ga labari cewa Robinson ya haɗa esaretol, sinadarin da daga shi sai ɗan taki kaɗan a isa fisostigmin. Da alama tsere ya ƙare. Amma da Julian ya duba alƙaluman da aka buga sai ya ga wani abu. Kowane sinadari tsantsa ya na da ma'aunin zafin da ya ke narkewa a kai, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, kamar dai zanen yatsa ga ɗan Adam. Zafin narkewar esaretol na Robinson ya saɓa da nasu. Ke nan ɗaya daga cikinsu ya yi kuskure. Julian ya rubuta a maƙalarsu ta huɗu, ƙarara, cewa kuskuren na Oksfod ne. Pikl ya tsorata ƙwarai, don ya san in su ne suka kauce to sun rufe wa kansu ƙofa har abada. Suka samo esaretol daga ainihin waken Kalaba suka gwada da nasu, sai ga shi sun dace. A 1935 suka buga maƙala ta biyar wadda ta bayyana cikakken ginin fisostigmin a matakai 11. A 1999 Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Amurka ta sanya wannan aiki a cikin jerin manyan abubuwan tarihi na fannin.

Sai dai wannan nasara ba ta samar masa kujera ba. Hukumar DePauw ta ƙi naɗa shi malami. Kamfanin DuPont ya gayyace su ganawa shi da Pikl, ya ɗauki Pikl ya sallami Julian da suka ga launin fatarsa. Wata cibiyar binciken takarda a garin Appleton ta so ɗaukarsa, amma garin ba ya yarda baƙar fata ya kwana a cikinsa. A 1936 wani kamfanin fenti mai suna Glidden ya naɗa shi darektan bincike na sashen waken soya a birnin Shikago, a zamanin da ba a saba ganin baƙar fata ya na shugabantar Turawa a ɗakin gwaji ba.

Arzikin Da Ke Cikin Waken Soya

A Glidden aikinsa na farko shi ne tace furotin daga waken soya da yawan gaske, don shafe fuskar takarda da haɗa fenti da gam. Daga wannan furotin ne wani kamfani ya yi kumfar kashe gobarar man fetur, wadda sojojin ruwan Amurka suka yi amfani da ita a jiragensu a Yaƙin Duniya na Biyu.

Amma zuciyarsa na wani wuri. Tun ya na DePauw ya lura da wasu ƙananan duwatsu masu ƙyalli da suka kwanta a cikin man waken Kalaba. Sunansu sitigmasterol, kuma a cikin waken Kalaba aka fara gano su a 1906. Muhimmancinsu shi ne ƙirarsu ta yi kama da ta homon, watau sinadaran nan da jiki ke aikawa ta cikin jini su na sarrafa balaga da ciki da haihuwa. A lokacin nan samun homon sai mai hannu da shuni. Alal misali, a 1934 sai da aka tara ƙwayayen haihuwa na aladu wajen 50,000 kafin Adolf Butenandt ya tace miligiram 20 kacal na furojestaron, homon ɗin da ke riƙe ciki.

A 1939 ruwa ya yoyo cikin wani tankin man soya mai cin galan 100,000, sai wani farin abu ya daskare a gindinsa. Ma'aikata suka ɗauka an yi hasara. Julian da ya duba sai ya gane tsohon saninsa ne, sitigmasterol da danginsa, ruwan ya ware su daga man. Abin da ya faru bisa tsautsayi sai ya mai da shi hanyar masana'anta. A 1940 ya aika wa kamfanin magunguna na Upjohn laba guda ta furojestaron, wadda aka ƙiyasta kuɗinta dala 63,500, a cikin mota mai sulke. Daga nan sai homon na maza ya biyo baya. A daidai wannan zamani wani masani, Russell Marker, ya na bin wata hanyar daga doyar daji ta ƙasar Meziko. Hanyoyin nan biyu su ne suka raba masana'antar homon da dogaro ga mahauta, suka mai da ita ga manoma.

Tseren Kotizon

A 1949 likita Philip Hench na asibitin Mayo ya ba da sanarwar cewa kotizon ya na ta da masu amosanin gaɓɓai waɗanda suka daɗe a kwance. Duniya ta ɗauka, amma maganin babu shi. Kamfanin Merck ya na haɗa shi ne daga matsarmamar shanu ta matakai fiye da 30, giram guda ya kai kimanin dala 200. Wahalar duk a kan ƙwayar iskar oksijin guda ɗaya ta ke, wadda dole ta zauna a wani gurbi da masana ke kira na 11. Neman tsiron da ke da ita a wannan gurbi ya sa Amurkawa da mutanen Suwizalan suka turo ayari zuwa Afirka ta Yamma su na neman 'ya'yan kwankwani, tsiron nan da maharbanmu ke dafin kibiya da shi. Wannan hanya ba ta ɓulle ba.

A nan ya kamata a gyara wani kuskure da ya yaɗu. Ba Julian ne ya gano kotizon ba, ba shi ne kuma ya fara haɗa shi ba. Edward Kendall da Tadeus Reichstein su ne suka tace shi, suka kuma raba kyautar Nobel da Hench a 1950, Lewis Sarett na Merck kuwa shi ya fara haɗa shi. Abin da Julian ya yi a 1949 shi ne ya fito da hanya mai sauƙi ta haɗa wani sinadari da ake kira Sinadarin S daga kayan tsirrai. Tsakanin wannan da haidirokotizon, ɗan'uwan kotizon, ƙwayar oksijin ɗin nan guda ce kurum ta rage. A 1952 masanan Upjohn suka gano cewa wata irin funfuna ta na iya dasa oksijin a gurbi na 11 cikin sauƙi, ba da jimawa ba kuma kamfanin Pfizer ya sami wata funfunar da ke juya Sinadarin S kai tsaye ya zama haidirokotizon. Cikin 'yan shekaru farashin giram guda ya faɗo ƙasa da dala 10. Aiki ne na hannu da yawa, amma tubalin da Julian ya ajiye na cikin waɗanda ginin ya tsaya a kansu. Man shafawa na ƙaiƙayi da ƙwayoyin asma da allurar kumburin gaɓɓai da ake samu a kemis a yau duk zuriyar wannan tsere ne.

Glidden kamfanin fenti ne, bai damu da magani ba. A ƙarshen 1953 Julian ya bar shi ya kafa nasa, Julian Laboratories, ya kuma gina masana'antar sarrafa doyar daji a Meziko. A 1961 ya sayar da kamfanin ga Smith Kline and French a kan dala miliyan 2 da dubu 300, kana a 1964 ya buɗe cibiyar bincike tasa ta kansa wadda ya shugabanta har ƙarshen ransa.

Da Wane Mudu Ake Auna Malami?

In za a auna tasirin masanin kimiyya, abu uku a kan duba: abin da ya rubuta, abin da ya ƙirƙira, da mutanen da ya rena.

Ta fuskar rubutu, jerin maƙalunsa kan dangin indol bai tsaya a 1935 ba. Ko da ya ke aikin kamfani ya sha masa kai, ya ci gaba da shi har ƙarshen shekarun 1940, inda ya juya kan yohimbin, wani sinadari da ake samu a ɓawon wata itaciya ta dazuzzukan Kamaru da maƙwabtanta. A 1952 shi da abokan aikinsa biyu suka rubuta dogon babi kan kemistirin indol a cikin wani babban kundi da Robert Elderfield ya tsara, wanda masu bincike suka daɗe su na komawa gare shi. Shi kuwa fisostigmin, masana da dama sun sake gina shi ta wasu hanyoyi daga baya, amma hanyar Julian da Pikl ita ce ta fari.

Ta fuskar ƙirƙira, takardun mallakarsa fiye da 130 sun fi maƙalunsa yawa. Wannan ya na da dalili, kuma ya na da farashi. Malamin jami'a ya na buga abin da ya gano don a karanta a ambace shi, ma'aikacin kamfani kuwa sai ya yi rajista tukuna, wani abin ma ya ɓoye shi. Da ya ke an rufe wa Julian ƙofar manyan jami'o'i, bai sami jerin ɗaliban digirin dokta waɗanda za su yaɗa sunansa kamar yadda Robinson ya samu ba. Mai ƙirga ambato kawai zai iya rena shi, alhali kuwa miliyoyin mutane sun sha maganin da ya bi ta hanyarsa ba su taɓa jin sunansa ba.

Ta fuskar mutane, tun a DePauw ɗaliban digirin farko da ke ƙarƙashinsa sun riƙa ganin sunayensu a babbar mujallar fannin, abin da ba a saba gani ba a ƙaramar jami'a. A Glidden da kamfaninsa kuwa ya ɗauki masana baƙar fata da mata aiki a lokacin da sauran kamfanoni ke juya musu baya, wasunsu suka wuce suka zama malaman jami'a da manyan masu bincike.

Girmamawa ta zo, amma a makare, kuma a gauraye da ɗaci. Ƙungiyar NAACP mai fafutukar 'yancin baƙar fata ta ba shi lambar Spingarn a 1947. A 1950 ya sayi gida a unguwar Oak Park ta farar fata, kafin ya tare aka yi yunƙurin ƙone gidan, a watan Yuni na 1951 kuma aka jefa masa nakiya. Shi da maiɗakinsa, Dokta Anna Julian, wadda ita ma masaniyar zamantakewa ce, suka ce ba inda za su. A 1973 aka zaɓe shi cikin Majalisar Ƙoli ta Masana Kimiyya ta Amurka, shi ne baƙar fata na farko daga fannin kemistiri. Ya rasu ran 19 ga Afrilu, 1975. A 1980 Jami'ar DePauw, wadda ta hana shi kujera, ta sa wa ginin kimiyyarta sunansa. A 1990 aka shigar da shi Zauren Girmama Masu Ƙirƙira, a 1993 kuma aka buga kan sarki mai hotonsa.

Ina Namu Rabon?

Jama'a, mu dawo gida. Binciken makanta da aka gudanar a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido babu abin da ya fi makantar da mutanenmu kamar hawan jinin ido. Gaskiya ne yanzu an sami magungunan da suka maye gurbin fisostigmin a asibitin ido. Amma a kan ƙirarsa aka yi niyostigmin, wanda likitocin tiyata ke amfani da shi kullum, da ribastigmin da ake ba tsofaffi masu ciwon mantuwa. Da shi ne kuma Otto Loewi ya yi aiki wajen tabbatar da yadda jijiya ke aika saƙo ta hanyar sinadari, binciken da ya kai shi ga kyautar Nobel tare da Henry Dale a 1936. Waken na Kalaba ne, sanin ƙarfinsa na mutanen Efik ne, amma maƙalun da rajistar da masana'antun duk a ƙetare su ke. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba wai ba mu da masana ba ne. Tun wajen 1960 sashen kemistiri na Jami'ar Ibadan ya yi suna a duniya wajen nazarin sinadarai masu ɗaci na dangin maɗaci. A can ne Donald Ekong, wanda daga baya ya zama shugaban farko na Jami'ar Fatakwal, ya bayyana ƙirar nimbolid daga dogon yaro a 1967, sinadarin da masu binciken ciwon daji a ƙasashen waje suka dawo kansa bayan shekaru masu yawa. Haka kuma cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta fito da Niprisan, maganin rage tashin ciwon sikila, daga tsirrai huɗu da suka haɗa da masoro da kanumfari da ganyen dawa. An ƙaddamar da shi a kasuwa a 2006, amma cikin 'yan shekaru kamfanin da aka danƙa wa sarrafa shi ya durƙushe, maganin ya ɓace daga kantuna. Inda mu ke tuntuɓe ke nan: tsakanin ɗakin gwaji da masana'anta.

Abin da ya raba Julian da tsararrakinsa shi ne ya iya tsallake wannan rami. Bai tsaya ga maƙala ba, ya bi sinadari tun daga kwalbar gwaji har tanki mai galan dubbai, ya san farashi, ya san rajista, ya san kasuwa. A yau manomanmu a Binuwai da Kaduna da sauran jihohi su na noma waken soya da yawa, mu na matse mai, mu na soya awara, mu na ba kaji dusa. Sinadaran da Julian ya tsinta a gindin tanki a 1939 su na nan a cikin wannan man. Jami'o'inmu kuwa su na yaye ɗaruruwan masu digiri a kemistiri kowace shekara, kuma sau da yawa ana auna malamansu ne da yawan maƙalun da suka buga kawai, ba a tambayar ko akwai wadda ta zama magani ko sana'a.

Saboda haka kira ya na kan hukumomin jami'o'i da su sa ƙirƙira da rajista cikin mudun ƙarin girma, a kan gwamnati da ta wadata ɗakunan gwaji da wuta da ruwa da na'urorin awo, a kan attajiranmu kuma da su gwada zuba jari a inda riba ba ta zuwa a wata shida. Julian ya yi nasa aikin ne a ƙasar da ta hana shi makaranta, ta hana shi kujera, ta kuma jefa wa gidansa nakiya. Yaran da ke zaune a azuzuwan kimiyya a Kano da Zariya da Kalaba ba wanda ya hana su don launin fatarsu. Abin da su ke jira shi ne kayan aiki, da kuma wanda zai ɗauki abin da suka gano ya kai shi kasuwa.